Hira daga Lugu: Dokin ƙarfe da jirgi mai zane

Allah shi sa abin da munka kai rumbu ya kai mu wata damina lafiya.

An ɗaure hatsi, an roro wake, bisashe sun shiga gonaki suna kiwon kara. Yanzu ne samarinmu ke ɗaure ƙunshinsu don tafiya cin rani. Daga Lugu, Bagaji, Ɗankasari, Matankari, har Tibiri da Dumega, babu garin da ba za a yi ban kwana ba cikin watan ga. Wasu za su nufi Doso da Yamai. Wasu za su gangara Gaya, Kamba, Argungu da Yawuri. Saboda haka hirarmu ta watan ga a kan tafiya take. Za mu duba abin hawa iri biyu waɗanda ba su cin ciyawa, ba su shan mai. Na farko keke, dokin ƙarfe, wanda ƙarfin ƙafa ke turawa. Na biyu jirgin ruwa mai zane, wanda iska ke turawa.

Na san wani zai ce, ina ruwan mutumin Lugu da jirgi, mu da ke jan ruwa da guga da doguwar igiya? Amsa ita ce, ɗiyanmu suna shiga jirgi ko da mu ba mu gani ba. Wanda ya tafi Gaya zai ga kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara. A shekarar 2023, da anka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, mutane da yawa sun koma ƙetarawa da kwalekwale. Wanda ya wuce Yawuri zai tarar da tabkin Kainji. Ko nan gida, in damina ta yi ƙarfi, tabkunan Dallol Mauri suna cika har su fi ƙarfin mutum. Abin da zai ci ran ɗanka, ya kamata ka san shi ko yana nesa.

Iska

Mai keke da mai jirgi duka a hannun iska suke. Manomi kuwa ya riga ya san iska, ba sai an kai shi lokol ba. Ba mu bukatar zuwa tambayar dutsen Tunguma kafin mu san inda za ta ɓullo. Da hunturu, tun daga watan Nuwamba har wajen Fabrairu, iska tana fitowa daga gabas maso arewa, busasshiya, da ƙura. Da bazara ta kama, sai ta juya, ta riƙa fitowa daga yamma maso kudu, da laima, ita ce mai jawo mana damina. Hadari shi kuma daga gabas yake haɗowa, da guguwa a gabansa. Matanmu ma sun san wannan sarai. Mai shiƙa ba ta tsayawa inda ƙaiƙayi zai komo mata a ido.

To, wannan sanin da muke da shi a banza, shi ne darasi na farko da ake koya wa mai son tuƙa jirgi mai zane. Shi ne kuma abin da mai doguwar tafiya a keke zai fara dubawa. Wanda ya tashi daga Dogon Dutsi zuwa Doso da hunturu, yamma ya nufa, iska tana bayansa, tana taimakonsa. Ranar komowa kuwa tana gabansa, tafiyar za ta fi tsawo ko da hanyar ba ta ƙaru ba. Mai hankali da ranar komowa yake yin lissafinsa.

Yadda iska ke tura jirgi

Jirgi mai zane abu ne mai sauƙin ganewa. Ana kafa doguwar dirka a cikin jirgi. A ɗaura mata babban zane mai ƙarfi. A sa igiya a gefen zanen, mai tuƙi ya riƙe ta. A baya kuma akwai filafili wanda ake juya kan jirgi da shi. A ƙasar Mali, wajen Mobti da tabkin Debo, masunta da fatake suna ɗinke buhunan da anka juye su yi zanen da su. Can kogin yana gangarawa gabas maso arewa, wajen Tumbutu, iskar hunturu kuwa daga can take fitowa. Sai ta zama ita ke hawo da su kogin, ba su ɓata ko dala ɗaya ta mai ba.

In iska tana bayan jirgi, babu wuya. Tana tura shi kamar yadda take tura mai kayan kara. In ta fito daga gefe, nan dabara take. Sai a karkata zanen, iska ta bi ta jikinsa ta zame. Tana so ta tura jirgin gefe. Amma jiragen da anka ƙera don wannan aiki suna da wani faffaɗan allo a ƙarƙashinsu, cikin ruwa, wanda ke hana su zamewa gefe. Iska ta matsa ta sama, ruwa ya tare ta ƙasa, sai jirgi ya kuɓuce gaba. Ku ɗauki ƙwallon mangwaro mai santsi, ku matsa shi tsakanin yatsu biyu, ku ga inda zai nufa. Haka abin yake.

Abu guda ne jirgi mai zane ba ya iyawa: ba ya fuskantar iska kai tsaye. In wurin da kake so ka je yana can inda iskar ke fitowa, sai ka yi kamar jaki mai kaya yana hawan tudun rairayi. Ya karkata dama, ya juyo ya karkata hagu, har ya kai bisa. Hanya ta ƙara tsawo, amma an isa. Kwalekwalen koginmu yawancinsu ba su da allon nan na ƙasa. Shi ya sa ba su ɗaga zane sai iska tana baya ko kusa da baya. In ba haka ba, sai a koma ga filafili da doguwar sanda, ko inji.

Makarantar koyon jirgi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai makarantu inda manya ke biyan kuɗi a koya musu tuƙa jirgi mai zane, a teku ko a manyan tabkuna. A Faransa akwai wata sananna, Les Glénans, wadda anka kafa a 1947. A Legas ma akwai ƙungiyar masu irin wannan jirgi tun 1932. Su yawanci don nishaɗi suke yi. Sarkawa da Kabawa kuwa a wurin iyayensu suke koyon ruwa, don neman abinci. Amma akwai abin ɗauka cikin tsarin makarantun nan, domin sun jera karatun daki-daki kamar yadda muke jera baƙaƙe da wasula a makarantar yaƙi da jahilci.

Ɗalibai kaɗan ne ke shiga jirgi ɗaya da malami ɗaya. Sukan yi ƴan kwanaki a kan ruwa, a cikin jirgin suke dafuwa, a ciki suke kwana. Kowa yana saye da rigar ruwa, wadda ke hana mutum nitsewa, har malamin kansa. Ana fara koya musu sunan kowace igiya da kowane sashe na jirgi, don in malami ya ce a saki wagga, kada wani ya ja waccan. Sai ƙulle-ƙullen igiya: ƙullin da ba ya kwancewa da kansa, amma mai shi yana iya kwance shi da sauri. Makiyayin da ya iya dabaibayi ba zai sha wuya a nan ba.

Daga nan sai karanta iska. Ana ɗaura ɗan tsumma a jikin igiya, a riƙa dubansa. Ana duban fuskar ruwa kuma: inda ta yi duhu tana ɓarɓarwa, iska mai ƙarfi ce ke tafe. Babbar doka ita ce a rage zane tun iska ba ta yi ƙarfi ba. Wanda ya jira har guguwa ta iso, zanen da ke taimakonsa shi zai kifar da shi. Kun ga dai, daidai da kwashe shanya ne tun hadari yana gabas.

Akwai darasin da ake maimaitawa har kowa ya gaji. Malami zai jefa wani abu mai yawo a kan ruwa, ya ce mutum ya faɗa. Ɗalibi ɗaya ya nuna wurin da yatsa, ba ya ɗauke ido daga gare shi ko kaɗan. Wani ya jefa abin kamawa. Mai tuƙi ya juyo da jirgi ya zo a hankali. Ana yin haka ranar da babu wanda ya faɗa, don ranar da wani ya faɗa kada a ruɗe. A ƙarshe sai karatun taswira, wato zanen tabkin a takarda, mai nuna wuri mai zurfi da wuri mai dutse. Kowace rana ana rubuta inda anka tashi, da inda anka kwana, da yadda iska ta kasance. Ga wani amfanin karatu da rubutu ga wanda ke tambaya.

Labarin masu jirgin tabkin Cadi

Kada wani ya ɗauka sanin ruwa na Turawa ne su kaɗai. A ƙarshen ƙasarmu ta gabas, wajen Gigimi, akwai tabkin Cadi. Hanyar kwalta wadda ta ratsa Dogon Dutsi da Ɗankasari, can ta ƙare. A 1963 tabkin yana da faɗin da ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta ba, sun shanye shi har bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Buduma, mutanen tsibiran tabkin, suna ɗaure jirgi da wata ciyawar ruwa mai dogon kara, babu katako, babu ƙusa.

A 1969 wani Bature mutumin ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ko jirgin kara irin na mutanen dā zai ƙetare babban teku. Da ya nemi gwanaye, tabkin Cadi ya zo. Ya ɗauki maƙeran jirgi daga can ya kai su Masar. An kawo kara daga tabkin Tana na ƙasar Habasha, sunka ɗaure jirgi mai tsawon mita 15, anka sa masa zane, anka raɗa masa suna Ra. Ranar 25 ga Mayu 1969 sunka tashi daga garin Safi na Maroko, su bakwai. Cikinsu har da wani mutumin Cadi, Abdullahi Jibrin. Sun yi kusan mako takwas a kan teku, sun ci wajen kilomita 5,000, babu inji. Amma bayan jirgin ya riƙa nitsewa, igiyoyi sunka sake, dole sunka bar shi. An ceto su duka da rai. A 1970 anka ɗaure na biyu, da hannun wasu masu jirgin kara na tabkin Titikaka a Amurka ta Kudu. Shi kam ya kai tsibirin Barbados cikin kwana 57.

Abin lura biyu ne. Sana'ar talakan ƙauye ta kai inda ba a zato. Sa'an nan kowane jirgi da ruwan da anka yi shi dominsa, da nauyin da zai iya ɗauka.

Abin da ya faru a Wara

An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 100. An tada mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu, tsohon garin Busa ya nitse. Itatuwan da ruwa ya rufe sun bar kututture a ƙarƙashi, jirgi na iya cin karo da su. Tabki mai faɗi haka, in iska ta taso, yana yin igiyar ruwa wadda babu irinta a ƙaramin gulbi.

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya ɗauko mutum fiye da 150 zuwa Wara, cikin jihar Kebbi. Mutanen sun fi ƙarfin jirgin nesa ba kusa ba. Ya nitse a tsakiyar ruwa. Kaɗan ne anka ceto da rai. Talakawa ne masu neman abinci, irin ɗiyanmu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ke ci kowace shekara, kuma yara ƙanana suna da yawa a ciki. Nan ƙasarmu, ambaliyar daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka, kai mai tafiya, riƙe waɗanga:

1. Dubi gefen jirgi kafin ka shiga. In ruwa ya kusa kai bakinsa, ya cika. Jira na gaba. Kasuwa za ta sake ci.

2. Kada ka shiga jirgi da dare, kada ka shiga hadari yana gabas.

3. In akwai rigar ruwa, sa ta, ka ɗaure. Ba abin kunya ba ne.

4. Zauna inda anka ce ka zauna. In jirgi ya karkata, kada kowa ya ruga gefe guda.

5. In jirgi ya kife bai nitse ba, kama shi ka riƙe. Gaɓa takan yi kamar kusa alhali tana nesa.

6. In wani ya faɗa ruwa kai ba ka iya iyo ba, kada ka bi shi. Miƙa masa sanda, ko rawani, ko ka jefa igiya. Bidon mai lita 20, in babu kome ciki kuma an rufe bakinsa da kyau, yana iya riƙe kan babban mutum a bisa ruwa. Dabarar Kabawa ke nan da gorarsu a bikin kamun kifi na Argungu, wanda anka fara a 1934.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu ko ba mu je ko'ina ba. Kowane gari mai tabki ya aje igiya da bidon a bakinsa da damina. Yaro ƙarami kada ya kai bisashe shan ruwa shi kaɗai. An aza harsashin madatsar Kandaji a jihar Tilaberi a 2008, an sake tada aikin a 2019. Ranar da anka gama ta, mu ma za mu sami babban tabki irin na Kainji. Gara mu koyi ladabin ruwa tun yanzu.

Dokin ƙarfe

Mu komo tudu, inda munka fi sabawa. Keke irin wanda muke hawa, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, an fito da shi a Ingila a 1885. Tayar da ake hura wa iska kuwa, wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya yi ta a 1888, don keken ɗansa. Iyayenmu da sunka je cin rani sun komo da Raleigh da Peugeot, ana kallon su kamar sun sayo ingarma. Yau moto ya yi yawa, samari suna raina keke. Amma moto sai da mai, keke kuwa fura ta ishe shi.

Wane nisa keke ke iya zuwa? Ku ji labarin Mamadou Safayou Barry, wani saurayi ɗan ƙasar Gini mai shekara 25 a lokacin. Yana son karatun addini a jami'ar Azhar ta Masar, ba shi da kuɗin jirgin sama. A watan Mayu 2023 ya hau keke ya kama hanya. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, ya ratsa ƙasarmu Nijar, ya shiga Cadi. Wata huɗu yana tafiya, wajen kilomita 4,000. An tsare shi sau uku a hanya, sau biyu a Burkina, sau ɗaya a Togo. A Cadi wani ɗan jarida ya ba da labarinsa, mutanen kirki sunka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya isa Alƙahira a watan Satumba, jami'ar ta karɓe shi, ta ɗauke masa kuɗin karatu. Shi ya taka kilomita 4,000 don neman ilimi. Mu ga makarantar yaƙi da jahilci a tsakiyar gari, wani yana cewa ta yi masa nisa.

Akwai kuma masu tseren keke. A Faransa suna yin babban tsere tun 1903, mako uku, fiye da kilomita 3,000. A 2024 wani ɗan Afirka, Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya, ya zo na ɗaya a rana uku cikin tseren. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun fara nasu a 1987. Can mata ma suna hawan keke zuwa kasuwa da gona, babu mai duban su. Ya kamata mu yi tunani a kan wannan. Yarinya ko yaron da ya ci jarrabawa, makaranta tana wani gari, keke ɗaya na iya hana shi barin karatu.

Shirin doguwar tafiya

Daga Dogon Dutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne. Daga Doso zuwa Yamai ma kusan haka. Daga Doso zuwa Gaya kusan 150. Mutum mai lafiya, a kan kwalta, ba da gaggawa ba, yana cin kilomita 15 cikin awa ɗaya. Ga abin da ya kamata ya yi.

Ka fara da kaɗan. Ba a kama maraƙi yau a sa masa garma gobe. Yi kilomita 20, bayan kwana biyu ka yi 40, kafin ka ce za ka yi 70 a yini.

Gyara sirdi. Zauna, ka aza diddige a kan feda tana ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai, ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa yana kashe gwiwa.

Duba birki, gaba da baya. Duba sarƙa. Ɗiga mata mai kaɗan, ka goge saura da tsumma, domin mai da yawa yana kama rairayi, rairayi kuwa yana cin ƙarfe.

A kan kwalta taya tana son iska sosai. In ka sauka cikin rairayi, rage mata kaɗan, za ta fi kama ƙasa.

Abokan gabar keke a ƙasarmu su ne tsidau da ƙayar aduwa. Kada ka tashi babu famfo, da kayan faci, da abin kwance ƙafa. In ka yi faci, kankare wurin, shafa gam, ka jira ya sha iska kafin ka manna. Kafin ka maida, bi cikin taya da yatsa a hankali ka cire ƙayar. Wanda ya bar ta ciki zai sake sauka kafin ya yi nisa.

Raba kaya biyu kamar mangalar jaki, dama da hagu, nauyi ɗaya, ƙasa-ƙasa. Kayan da anka tula bisa suna kada mai su.

Tashi da asuba, ka sauka in rana ta take, ka sake hawa bayan la'asar. Kada ka yi tafiyar dare babu fitila. Sa tufa mai haske don direba ya hango ka.

Bi hannun dama. In ka ji babbar mota tafe, sauka gefen kwalta ka ba ta wuri. Iskarta kaɗai tana iya jan ka. Ba a jayayya da mai ƙafa goma sha takwas.

Sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba. Riƙe fura, ƙuliƙuli, dabino ko garin rogo. In zufa ta yi yawa, jiri ya kama ka, nemi inuwa. Zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. Shi ne dai haɗin da ake ba yaro mai zawo. In bai sake ka ba, nemi gidan likita.

Riƙe takardar shaidarka ta ɗan ƙasa, ka naɗe ta a leda. Gaya wa na gida hanyar da za ka bi da garin da za ka kwana. Rubuta lambar wayar wani naka a takarda, ka sa aljihu, domin waya tana mutuwa. A kowane gari ka tambayi lafiyar hanyar gaba, in an ce kada ka bi, kada ka bi. Matambayi ba ya ɓata.

Lissafin watan ga

Ku ɗauki allo ko littafi ku yi waɗanga tare da malaminku. Kuɗin da na sa misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu.

Na ɗaya: mai keke yana cin kilomita 15 cikin awa ɗaya. Yana tafiya awa 3 da safe, awa 2 da marece. Kilomita nawa yake ci a yini? Kwana nawa zai yi kafin ya ci kilomita 150?

Na biyu: ranar komowa iska tana gabansa, kilomita 10 kawai yake ci cikin awa ɗaya. Kwana nawa zai yi a wannan hanya?

Na uku: wani yana biyan jikka 1 kowane mako, kuɗin moto zuwa kasuwa da komowa. Shekara mako 52 ce. Nawa yake kashewa a shekara? In ya sami keke na jikka 40, cikin mako nawa keken zai biya kansa?

Na huɗu: jirgi an yi shi don mutum 60, an zuba masa 150. Mutum nawa sunka yi yawa?

Za ku ga amsoshi a jaridar wata mai zuwa. Wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a keke, ko ya yi aikin jirgi a Gaya ko Yawuri, ya rubuto mana da hannunsa yadda ya gani, ya ba malamin garinsu ya aiko. Ku kuma da kunka karanta wannan, ku karanta wa samarin da ba su iya ba tukuna, tun ba su ɗauki ƙunshi ba.

Allah shi kai matafiyanmu lafiya, shi maido mana su kafin ruwan shuka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.